Neman kalmar Hausa: me za mu kira "readout chip" a rediyo?

Mai Shirin Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ranar Juma'a zan gabatar da shiri a kan cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, a kan iyakar Suwizalan da Faransa, inda ake gwara furoton, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra, a cikin wani zobe mai tsawon kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa. Kalmar da ta tsaya mini ita ce "readout chip", wata 'yar na'ura mai faɗin kan sarki da ake mannawa a bayan farantin silikon ɗin da ƙwayoyin da karon ya haifar ke ratsawa. Ina kuma neman yadda zan faɗi gwajin da ake yi mata da radiyeshan kafin a amince da ita.

Malamin Fiziks:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a raɗa suna, ya kamata a san aikin. Sau miliyan 40 a kowace daƙiƙa ayarin furoton ke haɗuwa, kuma a sababbin na'urorin da haɗin gwiwar masana mai suna RD53 ya ƙera wa ATLAS da CMS, wato manyan injinan gano ƙwayoyi guda biyu da ke kan zoben, an raba farantin zuwa ƙananan gurabe, kowane gurbi faɗinsa maikuromita 50 ne, bai kai kaurin gashin kai na mutane da yawa ba. Idan ƙwaya ta ratsa gurbi, na'urar ce ke ƙara wa ɗan cajin da ta bari ƙarfi, ta mayar da shi lamba, ta riƙe shi har a zaɓi karon da ake so, sannan ta aika, ta zubar da sauran. Saboda haka fassarar kai tsaye ta "readout", wato "makaranci", ba ta cika ma'anar ba, domin aikinta naɗa ne da isarwa.

Mai Gyaran Waya:
Malam, mu a bakin aiki "aisi" muke cewa, kuma duk wanda aka taɓa ce masa aisin cajin wayarsa ya ƙone ya san abin da ake nufi. Kada dai a ce "cif", domin mai sauraro zai ɗauka Cif Joji ake magana. Ina ganin "aisin naɗar bayanai" ya wadatar.

Tsohon Mai Fassara:
Ban yarda ba. Har yaushe za mu riƙa aron haruffan Turanci muna kiransu kalmomi? Harshen da ya samar da mabuɗi da madubi da magirbi ba zai gaza a nan ba. Ni na daɗe ina amfani da "sanƙira", domin sanƙira shi ne mai karɓar maganar da aka yi a hankali ya ɗaga murya ya isar wa jama'a, kuma wannan shi ne ainihin abin da Malam ya bayyana.

Malamin Fiziks:
Baba, kwatancin ya yi kyau wajen ƙara ƙarfi da isarwa, amma sanƙira ba ya ajiye magana, ba ya kuma zubar da mafi yawanta, alhali nan ne wahalar ƙirar take.

Tsohon Mai Fassara:
Ai kalma ba ta ɗaukar dukkan ma'ana a ranar haihuwarta. Damuwata ita ce ku 'yan boko kuna jin nauyin kalmar gida, kuna ganin ba ta dace da zancen Janeba ba.

Mai Gyaran Waya:
Da girmamawa, Baba, mu ba 'yan boko ba ne, kuma rediyon da Hajiya za ta yi magana a ciki ma sunansa aro ne.

Mai Shirin Kimiyya:
Don Allah a dawo kan gwajin, lokaci yana ƙure mini.

Tsohon Mai Fassara:
Wannan ai a fili yake: "gwajin tauri". Kamar yadda ɗan tauri ke goga wuƙa a cikinsa a gaban jama'a, haka ake haska mata radiyeshan a ga ko zai kama ta.

Malamin Fiziks:
A nan ma akwai gyara, domin ita radiyeshan yana kama ta. Ana gasa ta da hasken eksire ko furoton har ta sha abin da ya kai rad miliyan 500 (rad ma'aunin radiyeshan ne), kusan ninki miliyan na abin da ke iya kashe mutum, ana auna yadda caji ke taruwa a cikin tiransistocinta, wato ƙananan makunnan lantarkin da ke cikinta, yana rage musu sauri. Akwai kuma ɓarnar nan take, inda ƙwaya guda ke juya sifili ya koma ɗaya a lambobin da na'urar ta ajiye, shi ya sa ake ajiye muhimmin bayani a wuri uku, a bi abin da biyu suka yarda da shi. Abin da ake aunawa juriya ce, ba tauri ba.

Mai Shirin Kimiyya:
Na gode. Zan ce "aisin naɗar bayanai" da "gwajin juriyar radiyeshan", sannan in kawo misalin sanƙira wajen bayani.

Tsohon Mai Fassara:
Juriya na karɓa, domin Malam ya kawo hujja. Aisi kuwa ban karɓa ba, kuma a rubutuna sanƙira zan ci gaba da sawa. Allah ya ba da sa'ar shirin.