Muhawara: Shin tiyatar rage tumbi tana raba mutum da ciwon suga har abada?

Alhaji: Assalamu alaikum. A ganina, mai matsananciyar ƙiba da ciwon suga, idan aka yi masa tiyatar nan da ba a farke ciki, sai dai a huda wurare kaɗan a zura kyamara a rage tumbi, to ya rabu da ciwon ke nan. Wani abokin kasuwancina ya ajiye allurar insulin jim kaɗan bayan aikin.

Likita: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Hakan yana faruwa, amma ba ga kowa yake ɗorewa ba. A wani binciken da aka fara a Suwidin a 1987, kashi 72 cikin 100 na masu sugan da aka yi wa tiyata sun samu sauƙi bayan shekara 2, amma bayan shekara 10 kashi 36 ne suka rage a kan sauƙin.

Hajiya: To Likita, don me mutum zai bari a cire masa kusan kashi 80 na tumbinsa, alhali ba ya tsirowa? Ƙanwata ta rame ƙwarai, amma loma huɗu ta tuwo ke ƙosar da ita, ƙwannafi kuma yana hana ta barci sai ta jingina da matasan kai.

Likita: Allah Ya ba ta lafiya, Hajiya, ƙwannafi sanannen abu ne bayan irin wannan aiki. Sai dai a duba abin da magani kaɗai yake yi. A Cleveland ta Amurka an gwada mutum 150, kuma sakamakon 2017 ya nuna cewa bayan shekara 5 suga ya daidaita ga kashi 29 na waɗanda aka yi wa wata irin tiyatar rage ƙiba ta karkata hanji, da kashi 23 na waɗanda aka rage wa tumbi, amma kashi 5 kacal na masu shan magani kaɗai.

Malama Nas: Abin da ya fi damuna shi ne mutanenmu da ke zuwa Indiya ko Masar ko Turkiyya a yi musu, su dawo ba mai bibiyarsu. Jiki yana kasa tsotsar isasshen sinadarin ƙarfe da bitamin B12, sai ƙarancin jini da mutuwar ƙafafu su biyo baya, alhali awon jini a kai a kai da ƙwayoyin bitamin za su hana hakan.

Alhaji: Na karɓi batun bibiya, Malama, amma ina nan a kan cewa wanda ƙibarsa ta hana shi sujada, tiyatar ta fi masa zama haka.

Hajiya: Ni kuwa sai na ga yadda ƙanwata za ta kasance nan da shekara goma.