Na samu ɗan jari, in kafa injin shinkafa a ƙauyenmu ko in dakata?

Malam na Bunkure:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. Ni malamin firamare ne, yayana dake Legas ya turo min kuɗi yace in kafa wani abu a gida mu raba riba, na haɗa da ɗan abin da na kwasa a adashi. Tunanina in sayi ƙaramin injin gyaran shinkafa tunda a ƙauyenmu kowa noman rani yake da ruwan Tiga amma sai an loda shanshera a kai Kura kafin a gyara. To matsalar ita ce ina makaranta daga safe har azahar, shi ne nace ko in ɗora ƙanin matata a kai ni in riƙa leƙawa da yamma. Waɗanda suka san harkar me kuka gani?

Mai Inji Kura:
Wa alaikumus salam Malam. Gaskiya zan gaya maka ko ba daɗi, inji ba ya tsare kansa. Duk wanda ka gani a Kura injinsa na tafiya to ka duba da kyau zaka ga mai shi yana wurin tun asuba ƙura ta rufe masa gashin ido. Yaro ba sai ya sace maka ko sisi ba zai karya ka, ya isa kawai ya matse injin da yawa shinkafar mutane ta kakkarye, mace ta kawo buhu biyu ta sha wahalar gumi ta koma gida da rabi gutsattsari, wlh ba zata dawo ba kuma kafin la'asar duk matan layinsu sun ji. Sannan lissafin dizal, belt ya tsinke, rariya ta huje, makaniki sai an kira shi daga gari, duk wannan mai kuɗin ne kaɗai yake jin zafinsa. Kuma in zaka saya kar ka bar injin cire tsakuwa, yanzu masu saye sun waye, haƙori ɗaya ya gamu da dutse sun bar ka.

Umman Khalifa:
Malam ni gumi nake yi a gida, bari in faɗa maka ta ɓangarenmu. Mu ba sabon fenti muke bi ba, wanda zai ɗaga mana ƙafa muke bi. Mai injin da nake kaiwa in ban da kuɗi a hannu yana gyara min in biya bayan na sayar ranar kasuwa, kuma dusata da buntuna ba ya taɓawa sai da izinina. To surukin naka yana da ikon ya ce "je ki kawo jibi"? In ya yi ka ce ya yi maka ɓarna, in bai yi ba mu tafi wani wuri. Ka fara zagayawa gidajen masu gumi na ƙauyenku ka ji buhu nawa suke fitarwa a sati, da rani da damina, kafin ka kai kuɗinka ko'ina.

Ɗan Haɗeja:
Haba jama'a kun cika tsorata bawan Allah. Da kowa zai jira sai ya samu lokaci cikakke da babu wanda ya fara komai. Alhassan Ɗantata ɗan Bebeji ne, nan kusa da ku, da fataucin goro ya fara yana zuwa har Gwanja, da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 harkar gyaɗa ta buɗe ya shiga da ƙarfinsa, ya rasu 1955 ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Abin da ya gani kafin wasu su gani shi ne ya ɗaga shi, shi ma Malam ya ga wani abu ai, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da ya zama, duk manomin da za a ce ga inji a bakin gonarsa ba sai ya biya a-kori-kura zuwa Kura ba ai dole ya duba. Kuma mutum nawa zai ci abinci a wurin? Mai ɗinkin buhu, masu dako, mai shanya, har mai kunu zata kawo bokitinta.

Mai Inji Kura:
Ɗan Haɗeja ban ƙi taka ba, amma Ɗantata da ƙafarsa ya bi ayari, bai aiki ƙanin matarsa Gwanja ya zauna a aji ba 😄 Malam in ni ne kai bana ba zan sayi ƙarfe ba. In an yi girbi shanshera ta yi araha ka sayi abin da rabin kuɗin zai iya, ka ba mata su yi gumi, ka kawo Kura da kanka ranar Asabar ka tsaya a gyara a gabanka, ka auna tiya nawa buhu ya bayar, ka kai kasuwa ka ga yadda dillalai suke yi da baƙo. Ka rubuta komai a littafi har kuɗin dako. Kaka ɗaya zaka san ko akwai riba, sauran rabin kuɗin yayanka kuma yana nan lafiya.

Malam na Bunkure:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Umman Khalifa maganar bashin nan ban taɓa kawo ta a raina ba sam. Yanzu abin da ya rage yadda zan shawo kan Yaya, shi so yake in turo masa hoton inji a WhatsApp ya nuna wa abokansa. Mai Inji in na shigo Asabar ɗin zan same ka a wurin?

Mai Inji Kura:
Ina nan in sha Allah, ka zo kafin ƙarfe tara don layi yana tsawo. Kar ka sa farar shadda.