Adafta mai 12V ta kasa tayar da ƙananan fankoki biyu a lokaci guda

Assalamu alaikum. Ina neman taimako a kan ƙananan fankokin kwamfuta guda biyu da nake son sanyaya akwatin na'ura da su, kowace an rubuta mata 12V da 0.25A. Adaftar da nake amfani da ita tsohuwa ce, mai 12V da 1A, wadda a lissafi ya kamata ta ɗauke su har da rara.

Idan na haɗa fanka ɗaya, jar waya a kan tabbatacce (+), baƙa a kan korau (−), na bar waya ta uku, rawaya, a sake, tana juyawa lafiya lau. Da zarar na ƙara ta biyun a kan wayoyin nan, sai fukafukan su motsa kaɗan su tsaya, su sake motsawa, fitilar adaftar kuma ta riƙa ƙyaftawa. Mitar auna wuta tana nuna 12.2V idan ba a haɗa komai da adaftar ba, amma wutar tana faɗuwa ƙasa da 8V idan na haɗa fankokin biyu. Na sake ɗaure mahaɗan, na musanya fankokin, babu abin da ya canza, kuma abin ya ishe ni.

Shin wutar da fanka ke ja lokacin tashi ce ta fi ƙarfin adaftar, har sai na nemi mai 2A? Na gode.