Wa ya ƙirƙiro monita, Brinch Hansen ko Hoare?

Aminu: Jama'a yau a aji malam ya ce wai Tony Hoare ne ya ƙirƙiro monita, ni kam ban yarda ba. Per Brinch Hansen ne, ɗan Denmak, littafinsa Operating System Principles ya fito 1973, takardar Hoare kuwa sai 1974.

Hadiza: Yaya Aminu a ɗan yi mana bayani mana, mu 'yan aji ɗaya

Aminu: In ayyuka da yawa suna gudana lokaci guda a kwamfuta kuma kowa na son taɓa bayanai guda, to za su iya dagula lissafi, shi monita kamar ɗaki ne mai mabuɗi ɗaya, an zuba bayanan ciki, ɗaya ke shiga sauran su jira layi.

Sani: To amma Aminu riga fita ba shi ne komai ba. Hoare ne ya tsara ƙa'idar jira da tashin mai jira, har da yadda za a tabbatar da lissafi cewa shirin daidai yake, shi ya sa ake kama sunansa. Kuma in asali ake nema ai Edsger Dijkstra ya kawo simafo, wato alamar da ke ce wa aiki ya shiga ko ya jira, tun 1965, su biyun a kan aikinsa suka ɗora.

Aminu: Malam Sani na yarda da Dijkstra. Amma wa ya fara sa monita cikin harshen da ke aiki a kan inji? Brinch Hansen, Concurrent Pascal, yana jami'ar Caltech ta Amurka a 1975, ya kuma rubuta manhajar Solo da shi ta tashi a kan kwamfutar PDP-11. Kafin nan ma a kamfanin Regnecentralen na Denmak shi ya jagoranci tsarin kwamfutar RC 4000 a 1969, ƙaramar cibiya tana isar da saƙo tsakanin ayyuka, sauran komai a waje.

Sani: Hoare dai ya samu lambar yabo ta Turing a 1980

Aminu: Ba don monita aka ba shi ba, don aikinsa kan harsunan shirye-shirye ne. Abin da ke min ciwo, Brinch Hansen ya rasu 2007 a Syracuse ta Amurka, ɗalibai da yawa ko sunansa ba su taɓa ji ba, alhali a 1999 shi ya fito fili ya soki harshen Java cewa yana barin a taɓa bayanai ba tare da an bi ta monita ba.

Hadiza: To a jarrabawa me zan rubuta?

Sani: Rubuta su biyun

Aminu: Ki fara da Brinch Hansen, ki sa 1973.