Abin da muka tattauna kan ɓarnar abinci a madafa

Jiya wajen adashi hira ta kai mu kan abincin da muke zubarwa, wallahi abin ya dame ni. Shawarar farko ta wata dattijuwa ce, wai kafin ki tafi kasuwar Dole ki leƙa madafa tukuna, kar ki sake sayo abin da kike da shi. Tumatir in ya yi araha a yanka a shanya ya zama kauɗa, kuɓewa ma haka, don firijo ba abin dogaro ba ne in kuran ya ɗauke. Sauran tuwo ɗumame da safe, ƙanzo a shanya, wanda ya rage a ba almajiri tun da ɗuminsa ba sai ya yi tsami ba. Tarin robobi marasa murfi kuwa, ni na fara fitar da nawa yau.