Baƙon tudu a zagaye na 7: fosfet ne a jikin serin ko aikin na'ura?

Ɗaliba: Assalamu alaikum, malamaina. Sakamakon furotin ɗin da na ciro daga gyaɗar da na sayo a kasuwar Gombe ya dawo. An bi hanyar Edman ne, wadda ke ɓalle amino asid ɗaya, wato tubalin ginin furotin, a kowane zagaye. A zagaye na 7, tudun amino asid ɗin serin a zanen kiromatogirafi (zanen na'ura da ke nuna kowane sinadari a matsayin tudu) ya fito gajere ƙwarai, sannan wani baƙon tudu ya biyo bayansa. Ni dai a ganina serin ɗin yana ɗauke da fosfet, wani rukunin sinadari da kan maƙale wa furotin, kuma haka nake shirin rubutawa a babi na huɗu na kundin bincikena.

Dokta: Wa'alaikumus salam. Ki dakata da alƙalami tukuna, domin serin da ba shi da fosfet ma haka yake yi. Asid mai ƙarfi na TFA da ake amfani da shi wajen ɓallewar yakan sa wani kaso na serin ya zubar da ƙwayar ruwa ya koma wani sinadari mai suna dihaidiro'alanin, shi kuma wannan sai ya haɗe da wani sinadari mai suna DTT da ke cikin ruwan na'urar, ya fito a wani wuri dabam. Tiriyonin, wani amino asid ɗin, shi ma yana da irin wannan hali, har ya kan ba da tuddai fiye da ɗaya.

Mai kula da ɗakin gwaji: Dokta, a gafarce ni, amma ni datti nake zargi. Serin da gilaisin, wani amino asid ɗin, suna da yawa a gumin hannu, ga kuma ƙurar hunturu da ba ta bar mana ko kwalba ɗaya ba.

Dokta: Da datti ne, Malam, da a zagayen farko zai cika zanen sannan ya riƙa raguwa, ba zai yi shiru har zagaye shida ba sannan ya taso.

Farfesa: Kada mu watsar da maganar 'yata gaba ɗaya. Serin mai fosfet ta wannan hanyar yake lalacewa, sai dai kusan dukkansa yake tafiya, tudun serin na asali ya kusa ɓacewa. Matsalar ita ce amino asid ɗin sistiyin da ba a kare shi ba kafin gwaji shi ma dihaidiro'alanin yake bayarwa, saboda haka tudu ɗaya yana da iyaye uku. Abin da zai raba gardama shi ne na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari, domin fosfet yana ƙara nauyin dalton 80 (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari).

Ɗaliba: Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya. Na sake duba zanen, zagaye na 3 ma serin ne, baƙon tudun yana can, amma a can tudun serin ya fi shi tsawo, a zagaye na 7 kuwa baƙon ne ya fi.

Dokta: To, wannan ya isa dalilin aika ragowar samfurin a auna nauyinsa, amma bai isa a rubuta fosfet a babi na huɗu ba.