Kalmomin wasan siki da sabon shiga zai sani kafin ya hau dutse

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Mu ɗalibai a Girenobul ta Faransa za a kai mu tsaunin Shamrus ranar Asabar wasan siki, wato zamiya a kan ƙanƙara da dogayen alluna biyu a ƙafa, an ce kowa ya je shagon haya ya karɓi kayansa. Takardar da aka raba mana cike take da kalmomi: forfait, piste, fixations, DIN, chasse-neige. Don Allah wanda ya san harkar ya warware mana, musamman waɗanda rashin saninsu kan jawo rauni.

Malam Na-Tsauni:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shamrus wuri ne mai kyau, can aka yi tseren gangara na gasar Olimfik ta 1968. Forfait katin hawan na'urorin da ke kai mutum sama ne. Sa shi a aljihun hagu na rigar sanyi, shi kaɗai, don ƙofar ta karanta shi ba sai ka fito da shi ba. Haɗa shi da waya kan hana ta ganinsa.

Piste ita ce hanyar da mota ta daddanne ƙanƙararta aka kafa mata alamu. A Faransa launi huɗu ne: kore na masu koyo, shuɗi mai sauƙi, ja mai wuya, baƙi na gwanaye. Ranar farko kore kaɗai. A Ostiriya da Suwizalan galibi daga shuɗi ake farawa, a Amurka da Kanada kuwa babu ja, sai kore, shuɗi da baƙi. Hors-piste duk abin da ke wajen alamun ne, can ƙanƙara ke zaftarewa. Ana auna haɗarin zaftarewar daga 1 zuwa 5, amma ko 1 aka rubuta, ba wurinka ba ne tukuna.

Yaya Bilki:
Ni a shagon hayar zan tsaya, don a nan ake ɗauko yawancin matsala. Takalmi da santimita ake auna shi, tsarin da ake kira Mondopoint: ƙafa mai tsawon santimita 27, lambarta 27. Safa ɗaya doguwa za ka sa, kada ka ninka, kada ka cusa wando a ciki, zai ci maka ƙwauri. Kana tsaye yatsu su ɗan taɓa gaba, ka lanƙwasa gwiwa su ja baya, dunduniya ba ta ɗagawa. Takalmi mai yalwa daɗinsa a shago ne kawai, a kan gangara ƙafa za ta yi ta yawo a ciki, allon ya ƙi bin ta.

Fixations maƙalan da ke riƙe takalmi a jikin allon siki ne, DIN kuma lambar ƙarfin da zai sa su saki. Mai shago zai tambayi nauyinka, tsayinka, shekarunka da iyawarka, ya haɗa da tsawon tafin takalmin. Faɗi gaskiya, ƙanena, ka ce débutant, wato sabon shiga. In lambar ta yi yawa, ka faɗi allon bai saki ba, sai ya murɗe gwiwa ko ya karya ƙwauri. In ta yi kaɗan, ya sake ka kana tsaka da juyi. Kada ka taɓa kusoshin da kanka, kada ka yi musayar allo da aboki.

Tsawon allon mai koyo ya kai wajen haɓa. Ka karɓi hular kwano, ka nemi tabarau, hasken ƙanƙara na ƙona ido.

Malam Na-Tsauni:
Na manta chasse-neige, ita ce birkinka. Ka kusanto da kawunan allunan biyu ba tare da sun hau juna ba, ka buɗe dunduniya, ka ɗan karkatar da gwiwoyi ciki don carres, wato ƙarfen gefen allo, su ciji ƙanƙara. Za ka juya hagu, danna ƙafar dama. Tsoro kan sa mutum ya kwanta baya, nan take allon ya gudu da shi, don haka ƙwaurinka ya riƙa jingina da harshen takalmi. A dokokin FIS, hukumar wasan siki ta duniya, na gabanka ke da hanya, kai za ka kauce masa.

Ɗan Damagaram:
Allah ya saka da alheri. Saura téléski da télésiège.

Yaya Bilki:
Télésiège kujera ce a rataye, ka zauna ka sauke ƙarfen kariya. Téléski sanda ce mai faifai a ƙasa, ka sa ta tsakanin cinyoyi ta ja ka kana tsaye. Kada ka zauna a kanta, ba ta ɗaukar nauyi. In ka faɗi, sake ta nan take ka matsa gefe, akwai wani a bayanka.